Kafin ka biya kuɗin kwas ɗin koyar da Turanci, duba fasfonka

Ƙannena masu son fita koyar da Turanci a Asiya, ku sani ba ƙwarewarku ake fara dubawa ba. Dokar bizar ƙasar ce ke yanke hukunci, ni kuwa ita na duba a ƙarshe.

Na biya kuɗin wani kwas na TEFL (koyar da Turanci ga waɗanda ba harshensu ba ne) mai araha a intanet, na gama shi ina danna amsoshi a waya, na dinga tura takardu Koriya ta Kudu. Shiru kake ji. Ashe ga mai son koyar da Turanci, bizarsu ta malaman harshe, E-2, da shirin gwamnati na EPIK mai ɗaukar malamai zuwa makarantun gwamnati kusan kacokan na 'yan ƙasashe bakwai ne: Amurka, Kanada, Birtaniya, Ayalan, Ostareliya, New Zealand da Afirka ta Kudu. Saurayin Landan da ya karanta kiɗa ya shiga, ɗan Kano mai digirin Turanci ya tsaya a waje. Abin da ciwo, amma fushinka ba zai goge dokar ba.

Tailan tana karɓar irinmu, sai dai za a nemi sakamakon jarrabawar Turanci irin TOEIC ko IELTS, ko da tun firamare da Turanci aka koyar da kai. Can na je ta hannun wani dillali da ya ce in shiga da bizar yawon buɗe ido, wai za a juya mini ita daga baya. Kada ku yarda. Aiki na buƙatar bizar Non-B da takardar izinin aiki, kuma ranar da jami'an shige da fice suka zo makaranta, kai za su tambaya, dillali yana gida. Haka na koyar gabana na faɗuwa, albashin da aka yanka ma ban iya musu ba, don wanda ba shi da takarda ba shi da bakin magana. Ku kai shaidar digirinku Ma'aikatar Ilimi da ta Harkokin Waje a Abuja a buga mata hatimi tun kuna gida. Aiko ta daga can wahala ce da ɓarnar kuɗi.

Sai ajin kansa. A gida idan yaro bai gane ba, sai ka zame zuwa Hausa, magana ta ƙare. A can yara sun cika aji sun zuba maka ido, ko cewa su buɗe littafi sai ka ɗaga littafin ka buɗe a gabansu. Na yi ta zuba bayanin nahawu, su kuma suna murmushin ladabi, ba wanda ya fahimci komai. Abin da CELTA, takardar horon koyar da Turanci ta Cambridge, ke gyarawa ke nan: awa 120 ce, a ciki da awa 6 na koyar da ɗalibai na gaske, mai horarwa yana zaune a baya yana rubuta kurakuranka. Tana da tsada, amma ita ce kwas ɗin da ya kamata in tara wa kuɗi.

Wanda bai shirya wannan ba ya leƙa Technical Aid Corps, shirin da Najeriya ta kafa a 1987, mai tura malamai da sauran ƙwararru ƙasashen Afirka, Karibiyan da Fasifik na shekara biyu. Ta hannun gwamnati ake tafiya, babu kuɗin dillali.