Kunne Ma Yana Cikin Kayan Aikin Kafinta

Duk wanda ya leƙa shagon kafinta ya ga zarto da guduma da tef ɗin awo, zai ɗauka cewa wannan sana'a ta hannu ce da ido kaɗai. Shekarun da na yi ina aikin katako a Jos sun nuna mini cewa kunne ma yana cikin kayan aiki, kuma abin da ya fara wasa nawa kunnen shi ne kiɗan rege, wanda na taso ina ji daga rakodar maigidana tun ina yaron shago, lokacin da aikina bai wuce riƙe falanki da miƙa ƙusa da share dusar katako ba.

Maigidana yana cikin mutanen da samartakarsu ta zo daidai da tashen rege a Najeriya, saboda haka durowar teburinsa cike take da kaset na Bob Marley da Peter Tosh da Lucky Dube, da na gida irin su Majek Fashek da Ras Kimono. Ba ya damuwa sosai da Turancin mutanen Jamaika. Abin da yakan ce mini shi ne: "Yaro, bar muryar mawaƙin tukuna, ka saurari abin da ke ƙarƙashinta." Sai daga baya na fahimci abin da yake nufi. Rege ya fito ne a Jamaika a ƙarshen shekarun 1960, daga kaɗe-kaɗen da suka gabace shi, kuma a salon da makaɗin Bob Marley, Carlton Barrett, ya shahara da shi, idan ka ƙirga bugu huɗu za ka ji an bar na farko fayau, babbar ganga ba ta sauka sai a na uku. A ƙarƙashin wannan kuma jitar bes ta yayansa, Aston Barrett, take tafiya da kaurin murya, tana ɗauke da waƙar gaba ɗaya. Wanda ya saba bin wannan murya ta ƙasa, ya saba da lura da gurbin da aka bari da gangan, kunnensa ba ya tsayawa a kan abin da ya fi ƙara.

A Kasuwar Katako na fara cin moriyar wannan horo. Mafi yawan falankin da muke saya daga dazuzzukan kudu ake kawo shi, kuma sau da yawa yakan iso da sauran ruwa a jikinsa ko da bayansa ya yi kama da busasshe. Ido yana iya ruɗuwa, musamman idan rana ta bugi saman lodin. Amma idan ka jingine falankin ka ƙwanƙwasa shi da gaɓar yatsa, busasshe yakan amsa da murya garau mai ɗan tsawo, ɗanye kuwa sai ya ce "dum" ya yi shiru nan take. Wanda gara ko ƙwaro ya rarake cikinsa yana da tasa muryar ta daban, holoƙo, wadda ba ta ɓuya ga wanda ya taɓa jin ta. Loko da maɗaci suna da nauyi da amo mai ƙarfi, malaina kuma sakayau ce, don haka ba a auna amon wannan da na wancan. Kowane itace da ɗan'uwansa ake gwada shi. Dillali zai rantse maka cewa kayansa sun bushe, kuma mai yiwuwa har zuciyarsa haka ya yi imani, amma ni sai na ji daga bakin falankin kafin in ciro kuɗi.

Dalilin wannan tsanani shi ne yanayin garinmu. Jos tana kan tudu mai tsayin kimanin mita 1,200, damina takan daɗe tun daga Afrilu har Oktoba, sannan hunturu ya shigo da iska mai bushewa wadda ke zuƙe danshi daga komai. Katako yana kumbura da laima, yana motsewa da bushewa, kuma wannan motsi a faɗinsa yake yi, ba a tsawonsa ba. Teburin da aka haɗa da ɗanyen falanki a watan Agusta, idan Disamba ta yi sai masu gida su ji "tas" da tsakar dare, da safe su tarar fuskarsa ta tsage. Durowar da aka yi mata awo cif-cif a tsakiyar hunturu kuma takan cije da damina, sai an sa ƙarfi kafin ta buɗe. Saboda haka nake jera sabon falanki a inuwa, in sa 'yan sanduna tsakanin kowane layi domin iska ta ratsa, kuma nake barin allon tsakiyar ƙofa ya zauna cikin kwarminsa ba tare da gam ba, yadda zai samu wurin numfashi. Wannan ɗan gurbi da ba a gani shi ne yake hana ƙofa fashewa.

Wahalar ita ce shawo kan mai kaya, domin lokacin bukukuwa ba ya jiran katako. Wata baiwar Allah ta taɓa zuwa da kuɗin kafin alƙalami a hannu, tana son gadon amarya da wadirof da madubi cikin ƙanƙanin lokaci. Na ce mata: "Hajiya, falankin da ke ƙasa yanzu bai bushe ba. Idan kika ba ni lokaci zan yi miki abin da 'yarki za ta bar wa tata 'yar, idan kuma bikin ya matso sosai, to mu sayi busasshe ko da ya fi tsada." Ta yi shiru, ta ce: "Malam, ai wancan shagon sun ce mako guda ya ishe su." Gaskiya ne, zai ishe su, domin fenti da banish suna rufe komai har a kai amarya. Ina jin zafin irin wannan aiki ƙwarai, saboda uwa takan yi shekaru tana adashe kafin ta tara kuɗin kayan ɗaki, kuma idan gado ya soma ƙara bayan wata shida, sunan kafintoci duka ne yake ɓaci. Hajiyar ta tafi, bayan kwana biyu ta dawo ta ce a sayi busasshen.

Inda sana'ata da kiɗan da nake so suka haɗu kai tsaye shi ne akwatin lasifika. Tun a shekarun 1950, a birnin Kingston, mutane irin su Coxsone Dodd da Duke Reid suke jera manyan akwatunan katako a fili suna sa wa jama'a faifai, kuma daga wannan al'ada masana'antar kiɗan Jamaika ta girma. Yana faranta mini rai in tuna cewa masu aikin hannu suna cikin tushen abin: King Tubby, shahararren mai haɗa sautin rege, mai gyaran kayan lantarki ne, Bob Marley kansa ya yi zaman koyon walda kafin waƙa ta ɗauke shi. A nan Jos ina ƙera irin waɗannan akwatuna ga masu kiɗan biki da masu wa'azi da majami'u, kuma babu aikin da ke tona asirin kafinta kamarsa. Ana amfani da filawud mai kaurin milimita 18, a haɗa da gam da sukuru maimakon ƙusa, a sa tokari a ciki domin bangon kada ya yi rawa, a toshe kowace kafa da iska za ta iya bi. Idan na gama sai in ɗaura lasifika mai inci 18, in sa rege mai nauyin bes, in zagaya akwatin ina ɗora tafin hannu a kowace kusurwa. Mahaɗar da ba ta kamu ba takan yi zuza, kafar iska takan yi fito, sukurun da bai shige ba yakan yi kakkarwa. Kujera tana iya ɓoye aibinta a ƙarƙashin soso da yadi har shekara, akwatin lasifika kuwa cikin minti ɗaya yake faɗin gaskiya.

Na san akwai masu kallon rege a matsayin kiɗan 'yan wiwi da masu dada, kuma ba laifinsu ba ne gaba ɗaya, tunda aƙidar Rasta tana tafe da shi tun asali. Ni Musulmi ne, ban ɗauki abin da 'yan Rasta suke faɗa na ɗaukaka Haile Selassie, tsohon sarkin Habasha, ba, kuma da an kira salla ake kashe rakoda a shagona. Abin da ya riƙe ni shi ne kiɗan da kuma kukan talaka da ke cikinsa. Bayan rikice-rikicen 2001 da 2008, lokacin da unguwannin Jos suka rarrabu har mutum yana tunani kafin ya tsallaka wani titi, na ga abokan ciniki daga ɗaya ɓangaren sun tsaya a ƙofar shago suna ɗari-ɗari, sai muryar Lucky Dube ta sa ɗayansu ya yi murmushi ya shigo. Ba kiɗa ne ya gyara garin ba, amma ya sha buɗe hira a ranar da gaisuwa kanta take da nauyi.

Yanzu sana'ar tana canzawa. Madobiya, wadda ake ji da ita saboda ƙarfi da kyan launi, an kwashe ta da yawa zuwa ƙasar Sin har ta shiga jerin itatuwan da ake taƙaita cinikinsu a duniya a 2017, kuma yawancin kayan ɗaki sun koma allon MDF, wanda garin katako ne da aka matse da gam. Yana da santsi, yana karɓar fenti, amma ruwa yana kumbura shi kuma gefensa ba ya riƙe sukuru sosai, don haka nakan gaya wa mai saye abin da yake saye. Injuna ma sun yawaita, kuma su ma da kunne ake tafiyar da su: zarton da haƙoransa suka dakushe yakan sauya murya ya soma gurnani tun kafin ya ƙona bakin falanki, wanda kuma falanki ya matse shi yakan yi ƙara ta daban dab da zai cillo katakon baya. Saboda haka dokar shagona ita ce a rage kiɗa idan za a tada inji. Na kuma sayo wa yarana abin rufe kunne, domin na ga yadda ƙarar inji da janareta ta cinye jin dattawan sana'ar nan, har maigidana ya kai sai an ɗaga murya kafin ya amsa sallama. Yaran suna ƙorafin cewa abin yana sa su gumi, ni kuma na ce musu wanda bai sa ba, ranar aikinsa sanfefa ne, ba zai kusanci inji ba.