Wasiƙa daga Yogyakarta: Kiɗan Dangdut da Tambayar da Ya Bar Mini

Assalamu alaikum, 'yan'uwana na gida.

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kuna lafiya, ina rubuto muku ne daga birnin Yogyakarta da ke tsibirin Java a ƙasar Indonesiya, inda neman ilimi ya kawo ni. Yawancinmu mun san wannan ƙasa ta hanya biyu, wato alhazanta da muke gani a Makka suna tafiya cikin tsari da tufafi iri ɗaya, da kuma Indomie da ke teburin kowane mai shayi, wadda asalinta daga nan ta fito. Abin da ba mu cika sani ba shi ne yadda waɗannan mutane fiye da miliyan 270 suke nishaɗi, kuma a kansa nake so in yi muku bayani.

Ban daɗe da sauka ba aka yi biki a unguwarmu. Aka toshe lungu, aka kafa rumfa, aka jera kujeru kamar yadda ake yi a gida, sai na ji sarewa da wata ganga mai amo irin na tabla, gangar Indiyawa, har na ɗauka waƙar fim ɗin Indiya aka saka. Maƙwabcina ya ce mini sunan wannan kiɗa dangdut, kuma daga amon gangar aka samo sunan, domin idan an doke ta kamar tana cewa "dang", idan an danne fatarta kuma ta ce "dut". Kiɗan ya samo asali ne daga ƙungiyoyin makaɗan Malay, waɗanda suka sha daga waƙoƙin finafinan Indiya na shekarun 1950 da 1960, suka gauraya su da karin Larabawa. Da farko masu hannu da shuni sun raina shi, suna kiransa kiɗan ƙauyawa da 'yan ƙwadago.

Mutumin da ya ɗaga darajarsa shi ne Rhoma Irama, wanda har yau ake kira Sarkin Dangdut. A shekarun 1970 ya kafa ƙungiyarsa mai suna Soneta, ya shigo da jita mai amfani da lantarki, sa'an nan ya mayar da waƙoƙinsa wa'azi a kan caca da shan giya da yawon dare da danniyar talaka. Saboda ra'ayinsa na siyasa, gidan talabijin na gwamnati ya rufe masa ƙofa shekaru da dama a zamanin mulkin shugaban ƙasa Suharto, amma kaset-kaset ɗinsa suka ci gaba da shiga kowane gida.

Sai dai kada ku zaci al'amarin ya tafi ba gardama. A shekarar 2003 wata mawaƙiya daga Gabashin Java mai suna Inul Daratista ta yi tashe da wata rawa ta juya ƙugu, wadda ta fara yaɗuwa ta faya-fayan bidiyo kafin ta kai talabijin. Malamai da dama suka yi tir da ita, Rhoma Irama kansa ya ce ta zubar da mutuncin dangdut, amma tsohon shugaban ƙasa Abdurrahman Wahid, wanda shi ma babban malami ne da ya taɓa jagorantar babbar ƙungiyar Musulunci ta Nahdlatul Ulama, ya tsaya mata a kan cewa ba a hana mutum neman abincinsa da ƙarfin tuwo. Ni dai rawar ba ta kwanta mini a rai ba, kuma ba zan so 'yata ta yi ta ba. Abin da ya burge ni shi ne an yi gardamar a fili, tsakanin Musulmi masu ilimi, kuma ba a kashe kiɗan gaba ɗaya saboda laifin rawa ɗaya ba. Salon da ya fito daga wancan yanki, wanda ake kira koplo, ya ci gaba da bunƙasa har ya kai ga a ranar 17 ga Agusta 2022, ranar bikin 'yancin kai, wani yaro ɗan firamare ya rera waƙa da harshen Java a fadar shugaban ƙasa, ministoci suka tashi suna taka rawa.

Haka addini ya shiga talabijin da sinima. Wasannin kwaikwayo masu dogon zango, waɗanda ake kira sinetron, suna da lokacinsu na musamman a watan azumi, kuma akwai wani mai suna Para Pencari Tuhan da aka fara a 2007, wanda iyalai ke kallo lokacin sahur. A 2008 kuma fim ɗin Ayat-Ayat Cinta, labarin ɗalibin Indonesiya a Azhar da yadda ya samu kansa da mata biyu, ya jawo mutane fiye da miliyan 3 zuwa gidajen sinima. Duk wanda ya taso da littattafan soyayya na Kano zai gane wannan labari tun daga farkonsa. Amma a 'yan shekarun nan finafinan ban tsoro ne suka fi cin kasuwa, kuma fatalwowinsu na gida ne, kamar pocong, wato mamaci a cikin likkafaninsa da ba a kwance masa ɗauri ba. Ɗaya daga cikin waɗannan finafinai, KKN di Desa Penari, ya fara ne a matsayin labari a Twitter, da ya zama fim a 2022 kuma ya samu 'yan kallo wajen miliyan 10. Matasan nan suna son mawaƙan Koriya ƙwarai da gaske, amma hakan bai hana su cika sinima don labarin ƙauyensu ba.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne rijiya ɗaya muka sha da su. Mu ma mun girma da finafinan Indiya, kuma shekara da shekaru ana zargin 'yan fim ɗinmu na Kano da kwaikwayon rawa da waƙar Indiya. Makaɗan Indonesiya ma sun fara da kwaikwayon, amma a cikin shekara 50 suka zuba masa harsunansu da gangunansu da damuwar talakansu, har ya zama yau babu wanda zai ce wa dangdut kiɗan Indiya. A ganina aron ba shi ne matsalarmu ba. Matsalar ita ce muna yawan tsayawa a kan fiyano kaɗai, alhali kalangu da kotso da gurmi da algaita suna jiran wanda zai shigar da su ɗakin ɗaukar sauti da irin kulawar da Rhoma Irama ya ba gangarsu.

A makon jiya maƙwabcin nan nawa ya ce in jiyar da shi kiɗan ƙasarmu. Na fara saka masa wata waƙar fim ta zamani, ya saurara, ya ce tana da daɗi kuma ta yi kama da tasu. Daga nan na saka masa Mamman Shata. Ya gyara zama, ya ce in maimaita, sa'an nan ya tambaye ni yadda ake yi ganga ɗaya ta riƙa sauya murya haka. Na kwatanta masa yadda makaɗi ke matse tsirkiyar kalangu a hammatarsa, kuma na yi masa alkawarin in na je hutu zan taho masa da ƙarami guda ɗaya.

Ku gaida mutanen gida baki ɗaya, ku kuma sa mu a addu'a.

Ɗan'uwanku,
daga Yogyakarta.