Ni da zanen abincin daji a Alice Springs

Jama'a assalamu alaikum. Ana yawan tambayata wai me Bahaushe yake yi a tsakiyar hamadar Ostireliya, toh kafinta ne ni, ina da ɗan shago a Alice Springs, aikina ɗaure zanen fenti a jikin katako da yi masa firam. Yawancin abin da ke shigowa hannuna aikin matan Aborijin ne, 'yan asalin ƙasar, kuma galibi kan abincin daji suke zanawa.

Baƙo ɗigo-ɗigo kawai zai gani, sai ka zauna da masu abin tukuna. Lanƙwasa mai siffar harafin U mutum ne a zaune, shatin da zama ke bari a yashi kenan, in da sanda da ɗan akushi a gefe to mace ce ta fita tono. Zobe cikin zobe masauki ne ko ramin ruwa. Sai tururuwar zuma da ake haƙowa a gindin bishiyar mulga cikinta a kumbure da zaƙi, da farar tsutsar nan ta cikin saiwa da ake gasawa a toka mai zafi, da tumatirin daji, da doyar daji wadda sai kin iya karanta tsagewar ƙasa kafin ki san inda ta kwanta. Kaka ke koya wa jika, kamar yadda muke bin iyayenmu mata tsintar aduwa da magarya muna yara. Kuma kowane dangi da nasu labarin da nasu yankin, ba ka taɓa na wani ba izini.

Maza suka fara wannan fenti a ƙauyen Papunya a 1971, matan yankin Utopia kuma da rinin batik suka faro a 1977 kafin su koma fenti. A cikinsu aka samu Emily Kame Kngwarreye da ta fara fenti ta kusa shekara 80, zanenta na saiwar doya mai tsawon mita 8 yana can Melbourne.

A ƙasa ake yin zanen nan, a zaune, yara na wasa karnuka na giftawa, shi ya sa yake zuwa min a nannaɗe da jan ƙura a gefensa. Bana ja da ƙarfi wallahi, ɗigon fenti mai kauri in ka takura masa tsagewa yake, balle da sanyin Yuli. Daga tsakiya nake fara bugawa, gefe da kishiyarsa, a hankali har kusurwa, sannan in naɗe kusurwar yadda ko ɗigo ɗaya ba zai ɓuya a baya ba. Katako kuma sai ya zauna a shago ya saba da bushewar garin nan, in ba haka ba ya karkace. Kawuna a Tudun Wadan Zariya ya koya min wannan, lokacin muna haɗa gadajen amare, Allah ya jiƙansa, da babban yatsa yake bin mahaɗa, in ya ji kaifi ko rata sai ka kwance ka sake.

Abin da ke ƙona min rai shi ne jabu. Wani zai shigo da ƙyalle da inji ya buga a ƙasar waje, ba sunan mai zane ba sunan gari, wai in ɗaure masa, har yana neman ragi. Bana karɓa. A 2019 kotun tarayya ta ci wani kamfani tarar dalar Ostireliya miliyan 2.3 kan kayan da aka yi a Indonesiya ana sayarwa da sunan na Aborijin, amma har yau ana ganin irinsu. Tsohuwa ta yi makonni a durƙushe tana zana inda uwarta ta nuna mata doya, wani ya kwafe ya sayar da araha, haba!

In za ku saya ku je cibiyoyin zane na al'ummar da kansu, ku karɓi takardar shaida mai sunan mai zanen da labarin. Masu son ɗauri kuma don Allah ku kawo kafin Satumba, lokacin baje kolin zanen Aborijin na Desert Mob aiki yana min yawa sosai.