Inji ya zauna, hankalina bai kwanta ba

Injin turbo ya shiga motata Datsun 240Z yau. Da hantsi ni da Yaya muka rataye shi da sarƙa, muka karkata gindin giya ƙasa, muna sassautawa kaɗan-kaɗan har ya sauka kan mazauninsa. Ko guduma ba mu ɗauka ba. Dama dalilin da ya sa na nace sai injin L28ET na motar 280ZX ke nan: gida ɗaya suka fito da L24 ɗin da Datsun ta sa wa motar, silinda shida a jere, ramukan noti duk sun dace. Yaya har da rawa.

Gawar 280ZX ɗin da na ciro injin daga cikinta tana gefe, tsatsa ta gama da ƙasanta. Sa'ar da na ci ita ce ta 1983 ce. A ta 1981 na'urar da ke karanta juyin inji can gaba take wajen fuli, daga 1982 aka mai da ita cikin distiributa, aikin waya ya ragu.

Muna cikin wannan murna sai ga Kawu. Ban san wanda ya gaya masa ba, kodayake ina da wanda nake zargi. Ko kallon sabon injin bai yi ba. Kai tsaye ya wuce lungun da muka ɗora tsohon a kan taya, ya durƙusa, ya sa babban yatsa ya goge baƙin mai har lambar ta fito. Ya miƙe da kyar, ya leƙa cikin bonet, ya karanta ɗan farantin ƙarfen nan. Lamba ɗaya ce, ya kuma sani tun kafin ya duba.

"Tare suka baro masana'anta a 1972," in ji shi.

Sai bakina ya buɗe. Na ce Kawu, wancan ƙarfin doki 151 aka rubuta masa, shi ma da tsohon ma'auni, wanda ake cire wa inji duk abin da ke cin ƙarfinsa kafin a auna. Wannan 180 ne na gaske, lita 2.8, da turbo Garrett da ke tura iska da matsin kusan psi 7, ko na'urar sanyaya iska ba a sa masa ba, wato akwai sauran ƙarfi a ajiye. Yana ta gyaɗa kai kamar mai sauraron yaro yana biya karatu.

"Kabiretocin fa?"

"Suna cikin kwali, Kawu. Wannan nozul gare shi, kwamfuta ce ke auna masa mai."

"Kwamfuta."

Ya ce shi da guntun tiyo yake daidaita su. Ya kafa baki ɗaya a kunne, ya kai ɗayan bakin kabireta ta gaba, sannan ta baya, yana murɗa sukuru har sai hucinsu ya zo ɗaya. Na san wannan, ni nake riƙe masa tocila ina yaro. Daga nan ya goge yatsansa, ya dafa kafaɗata ya ce, "To, Allah ya sa alheri. Ta zama taka yanzu." Ya fita.

Yanzu? Makullin nan ya daɗe a hannuna, takardu da sunana. To kafin yau ta wa ce? Yaya ya ce albarka ya sa mini, in daina neman magana inda babu. Wataƙila. Amma na san muryar Kawu in yana sa albarka, ba ita ce wannan ba.

Har yanzu ina kan bakana. Tsohon injin hayaƙi yake yi, yana shan baƙin mai, motar ta fi zama a rufe fiye da hawa titi, kuma ni ban ga amfanin lambar da ta yi daidai a motar da ba ta tafiya ba. Ban yanka ko'ina ba, duk ranar da aka ga dama a mayar. Abin da ba ni da amsarsa shi ne ƙara. Turbo a hanyar hayaƙi yake zaune, yana cinye kaifin sauti kafin ya kai salansa. Kukan nan da take yi in an taka totur a giya ta biyu, wanda Kawu ke sauke gilashi don ya ji, ya tafi. Bai faɗa ba, ni ma ban faɗa ba.

Wani ya aiko yana son sayen L24. Yaya ya ce in sayar in rage kashe kuɗi. Na ce a'a, da ƙarfin da ya sa ya kalle ni.

Aiki na nan jibge. Kabireta matsin mai psi 3 ya ishe ta, nozul sai wajen 36, don haka sabon famfo da sababbin tiyo. Tankin ba shi da shinge a ciki, a kwana mai zai gudu gefe famfo ya zuƙi iska, dole a ƙara ƙaramin tanki. Difa, wato akwatin da ke raba ƙarfi ga tayoyin baya, R180 ce, ina son R200 ta gawar, sai na samo ƙarfen rataya na 280Z.

Gobe wayoyi. Yaya ya ce in dai wayoyi ne kada in kira shi.