Daga Hadejia zuwa Nguru da jakar tambayoyi

Malaminmu na jami'a ne ya ce yana neman ɗalibai masu jin Hausa sosai su raka shi fadamar Hadejia da Nguru, bincike suke yi shi da wata malama daga sashen nazarin zamantakewa, shi kuma ɓangarensa tattalin arzikin muhalli ne. Ni dai jin an ce akwai ɗan alawus yasa na miƙa sunana, ba wai na san me ake nufi da tattalin arzikin muhalli ba a lokacin.

Mun tashi Kano da asuba a bas ɗin makaranta, muka bi ta Gujungu muka isa Hadejia rana ta ɗaga. Tun a mota malam ya fara mana lacca ba a tambaye shi ba. Wai ruwan da ke cika fadamar nan daga kogin Hadejia da kogin Jama'are yake zuwa, su haɗu su zama Komadugu Yobe har Tafkin Chadi. Aka gina dam ɗin Tiga a 1974, na Challawa a 1992, ruwan da a da yake malala da damina ya janye da rani sai aka riƙe shi a sama don noman rani na Kadawa da ruwan shan Kano. To a farkon shekarun 1990 wani masani mai suna Edward Barbier da abokan aikinsa suka zo suka yi lissafin abin da mutanen fadama ke samu a noma da kamun kifi da itacen girki, suka gwada da abin da aikin ban ruwa na Kano ke bayarwa, sai ga shi in dai a kan yawan ruwan da aka sha za a auna, fadamar ta yi wa aikin gwamnati fintinkau. Malam ya ce har yau ana koyar da wannan binciken a jami'o'in waje, mu da ke kusa ne ba mu san shi ba.

Abin da ya fara ba ni mamaki a wajen Kirikasamma da Guri shi ne kachalla. Wallahi in ba ka gani da idonka ba ba za ka gane ba, ciyawa ce ta fi mutum tsayi, ta rufe hanyar ruwa ta cinye gonakin shinkafa, kwale-kwale ma sai an sare masa hanya da lauje. Ni na zo da tunanin matsalar ƙarancin ruwa ce, ashe a wasu wuraren ruwan ne ya ƙi tafiya. Tunda dam na sakin ruwa har da rani ƙasa ba ta bushewa kamar da, kachalla kuma abin da take so kenan, in ta toshe wannan hanyar sai ruwa ya karkata wata, wani ƙauye ya nutse, na gaba da shi kuma yana kukan fari. Ga tsuntsayen jan baki sun samu maɓoya a ciki, su fito da safe su sauka a kan shinkafa da gero, yara su wuni suna kaɗa gwangwani.

Takardar tambayoyin da malam ya ba mu mu riƙa yi wa mutane tana da wata tambaya da ta wahalar da mu: nawa za ka iya biya duk wata in za a gyara hanyar ruwa? Wani dattijo ya kalle ni ya ce "ɗan nan, haraji ne kuka zo sawa?" Na yi ta rantsuwa ba haraji ba ne, ya ce to in ba haraji ba ne rubuta duk abin da ka ga dama. Na kai wa malam ƙorafi da dare, ya yi dariya ya ce mu sauya, mu riƙa tambaya kwana nawa mutum zai iya bayarwa a aikin gayya na saran kachalla. Nan fa baki ya buɗe, don aikin gayya dama suna yi, kowa ya san nawa yininsa yake a gona.

Ita malama ba ruwanta da wannan lissafin, tana zama da mata a tsakar gida suna saƙar tabarmar kaba tana ta hira. Kuma a gaskiya ni nata aikin ya fi kama min hankali. Ita ce ta sa muka lura cewa in an ce hekta ɗaya tana ba da kaza, to ba mutum ɗaya ke ci ba: masunci ne da ruwa ya cika, manomi in ya janye, sai Bafulatani ya zo da shanu kan karan da ya rage, kuma bulama ko sarkin ruwa ne ke cewa wa zai shiga yaushe. Yanzu da kachalla ta rage filin, duk su ukun sun matsu a guri ɗaya, rigimar da ake ji tsakanin manoma da makiyaya a yankin wani sashinta daga nan take. Su biyun har musu suke a gabanmu, malam ya ce gwamnati ba ta jin magana sai da lamba, malama ta ce ai an ba ta lambar tun shekara talatin da suka wuce.

Nguru muka ƙarasa, garin da layin dogo daga Kano ya tsaya. Muka shiga kwale-kwale a tafkin, wanda tun 2000 yake cikin jerin Ramsar na dausayi masu muhimmanci a duniya saboda tsuntsayen da ke zuwa daga Turai lokacin sanyi. Ni ban iya ruwa ba, don haka rabin hankalina na kan tsuntsaye rabi na kan ruwan da ke shigowa ta ƙasan jirgin, yaron mai tuƙi yana kwashewa da kwano ko a jikinsa. Na sayi banda na tarwaɗa na kai gida, sauran alawus ɗin kuma kuɗin data ya cinye wajen shigar da amsoshin a kwamfuta.