Doka biyu a gida ɗaya

Duna ba karen da za a yi wa shaidar kirki ba ne. Ya yage labule, ya tone furannin da na sha wahalar raino, ya haɗiye safar yaro sai da likitan dabbobi ya ba shi maganin amai kafin ta fito. In baƙo ya shigo, tsalle yake yi ya dafa masa ƙirji da ƙafafu biyu yana kaɗa wutsiya, shi a ganinsa tarba ce. Wanda ya zo gidanmu sau ɗaya ba ya manta sunansa, don babu sunan da ake kira da ƙarfi kamar nasa.

Maigida ne ya kawo shi yana ɗan kwikwiyo, farkon aurenmu, kafin mu samu haihuwa. Da ya fara gaigayar ƙafar kujera, likita ya ce mu yi haƙuri, haƙora ne ke damunsa: kwikwiyo na da haƙoran nono 28, sai su zube 42 su fito, kuma wajen wata bakwai an gama. Haƙora suka gama fitowa. Gaigaya tana nan.

Ni ce mai doka a gidan, maigida shi ne mai sassauci. Na ce kare ba ya hawa kujera. In na leƙa ɗaki na dawo, sai in tarar da su biyun a kai, kowa ya kawar da kai. Na hana roƙo lokacin cin abinci, shi kuwa yana miƙa loma ta ƙarƙashin tebur yana ci gaba da hira da ni ko gezau. Da abin ya ishe mu muka nemi wata mai horar da karnuka. Tambayarta ta farko ita ce da wace kalma muke hana shi. Na ce "bari". Maigida ya ce "sauka", wani lokacin kuma "haba, Duna". Ta yi dariya, ta bayyana mana cewa halin da ake saka wa yau, a hana gobe, shi ya fi wuyar kankarewa, domin kare ya gane in ya nace wata rana zai dace.

Amma faɗanmu ba a kan kujera yake ba. A kan wanda zai tashi da sassafe ya fita da shi ne, da wanda zai kwashe kashi, da wanda zai je ya ba maƙwabci haƙuri. Wata rana da na gaji na ce, "Maigida, kai ka kawo shi, ni nake bautarsa." Ya yi shiru, sannan ya ce, "To, Uwargida, raba mana aikin." Uwargida yake ce mini in yana son ya sauke ni daga fushi, kuma abin haushin yana yi masa aiki. A daren muka raba: fita da safe da allurar rigakafin haukan kare nasa, abinci da wanka nawa. Wannan ne karo na farko da muka zauna muka faɗi ƙarara wa ke ɗauke da me a gidan. Da aka haifi babbar 'yarmu, irin wannan zaman muka sake yi, kuma bai yi mana wuya ba.

Mun daɗe muna gardama a kan fuskar nan da yake yi in ya yi ɓarna: kunne a kwance, kai a ƙasa, ido yana satar kallo. Maigida ya rantse Duna ya san laifinsa. Sai na ci karo da binciken da wata masaniyar halayyar karnuka, Alexandra Horowitz, ta wallafa a 2009 a Amurka. An hana karnuka cin wani abu, masu su suka fita, aka dawo aka gaya wa wasunsu cewa karen ya ci alhali bai ci ba. Fuskar laifin ta bi faɗan da mai karen ya yi, ba ta bi abin da karen ya aikata ba, har waɗanda ba su ci komai ba aka yi musu faɗa sun fi nuna ta. Tun daga nan muka kafa doka: ɓarnar da ba a kama shi yana yi ba, ba a yi masa tsawa a kanta. Yaranmu sun ci ribar wannan dokar fiye da shi.

Tsawar hadari kuwa ita ce ke fitar da shi hayyacinsa. Jikinsa ya ɗauki ɓari, yawu na zuba, yana kartar ƙofa har farcensa ya yi jini. Akwai wani dare, jaririyar ba ta yi wata biyu ba, aka yi ruwa da iska. Ina kan gado ina jijjiga ta, maigida na zaune a ƙasa ya rungume wannan ƙaton kare yana shafa bayan kunnensa yana cewa, "Ya isa, ya isa." Mutumin da na sani da gajen haƙuri a kan hanya, ya zauna a haka har gari ya kusa wayewa. Duk soyayyar da ke tsakanin Duna da yaran, ba mu taɓa barinsa shi kaɗai da jariri ba, a nan kam bakinmu ɗaya tun farko.

Yanzu ya tsufa. Manyan karnuka ba su cika wuce shekara 12 ba, bakinsa ya yi furfura, ƙugunsa na ciwo, kujerar da muka yi ta rigima a kanta ba ya iya hawa sai an tallafa masa. Yara sun fara roƙon a kawo sabon kwikwiyo. Maigida ya ce musu su tambayi mamansu, amma jiya na hango shi yana nuna musu hotuna a waya, yana gani na ya kife ta.