Iskar hanyar Daura da mai babur

Ni dai a kan babur, iskar da ke kaɗawa ba tsayawa ba ta cika damuna ba. Ka ɗan jingina mata, ku tafi tare. Wadda nake shakka ita ce mai ɗaukewa ta dawo.

Duk mai bin hanyar Kano zuwa Daura ta Kazaure da hunturu ya san wannan. Iskar daga arewa maso gabas take busowa, don haka in ka nufi Daura ta hannun dama take dukanka. Sai ka zo wuce tirela. Muddin kana gefenta, ta kare ka, shiru kake ji. Kana fitowa ta gaban kanta iskar za ta make ka, ta tura ka hagu, wato hannun masu tahowa. Haka ma in ka fito daga cikin gari zuwa fili, ko ka hau gada. Shi ya sa nake rage totur tun kafin in isa irin wuraren nan, in koma giya ta ƙasa, in matse tanki da gwiwoyi, hannuwa kuma a sake. Wanda ya ƙanƙame kan babur, duk girgizar da iska ta yi wa kafaɗarsa tayar gaba yake miƙa wa. Birki mai ƙarfi a lokacin kuwa neman faɗuwa ne.

Gudu ma da lissafinsa: in ka ninka shi biyu, ƙarfin iskar da ke dukan ƙirjinka sau huɗu yake ninkuwa. Babur ɗin Boxer kuma duka-duka nauyinsa kilo 100 ne da 'yan kai.

Abin da ke ba ni haushi shi ne kaya. Za ka ga mutum ya ɗauro katifa ko kwanon rufi a tsaye, ga babbar riga tana filfila, wai sauri yake. Malam, ka naɗe rigar ka zauna a kanta, kayan kuma a kwantar da su a ɗaure tamau. A sa hular kwano mai gilashi, don yashi a ido ɗaya ya isa ya kai mutum rami.

Iskar hadarin farkon damina kuwa ba a jayayya da ita. Da na ga gabas ta yi ja, ƙura ta taso, sauka nake in nemi ginin bulo in fake. Ban da gindin darbejiya, ban da kusa da falwaya ko allon talla, domin su take fara kayarwa.